Bijimi da Batirin Kunnena

Na yar da batirin abin kunnena, na'urar da nake ji da ita, a falo ranar Talata da safe, ban kuma gaya wa kowa ba.

Ƙaramin abu ne, faɗinsa kamar maɓallin riga, yana sheƙi. Ina zaune a kujerata ina canza shi, yatsuna suka ci amanata. Na ji ya suɓuce, amma ban ji faɗuwarsa ba, don a lokacin kunnen a toshe yake. Na duba cinyata, na kakkaɓe riga, na leƙa tsakanin ƙafafuna. Babu. Sai na ciro wani daga kwali na sa. Duniya ta dawo da surutunta: famfo na zuba a kicin, matata, da nake kira tsohuwa, tana yi wa mai labarai na rediyo gardama. Agogon bango ya nuna takwas saura kwata.

Na san abin da ya kamata in yi. In durƙusa in lalube ƙasa, in kira tsohuwa ta taya ni da idonta. To gwiwoyina ba sa durƙusawa sai an yi shawara da su, kuma in na kira ta zan sha magana har azahar. Makon jiya ma da na zubar da shayi cewa ta yi, "Malam, hannun nan naka ya fara rawa, ka bari in riƙa yi maka." Ni da na shekara talatin da ɗaya ina kwance inji ina ɗaurawa, ba a taɓa samun noti ɗaya ya rage a teburina ba. Ban kira ta ba. Na je na jawo Bijimi.

Bijimi injin shara ne. A wani babban otal na yi aiki. Na fara da wanke bene, na ƙare ni ke kula da injinan shara goma sha huɗu. Ban yi makaranta mai nisa ba, amma in inji ya yi tari daga hawa na uku, ina ƙasa zan faɗa maka abin da ke damunsa. Da aka sayo sababbi aka ce a zubar da tsofaffin, na roƙi wannan ɗaya. Shi kaɗai na taɓa roƙa a wurin.

Jikinsa ƙarfe ne, mai taya huɗu, mutum biyu ke hawa bene da shi. Moton da ke cikinsa da jan ƙarfe mai kauri aka naɗe shi, zai wuni yana aiki bai yi warin ƙuna ba. Bututunsa ma ƙarfe ne. Jakar ƙurarsa ta yadi ce, a zazzage a wanke a mayar. In ka ɗora tafin hannu a bakin tiyonsa sai ya bar maka jan zobe. Kafet ɗaga shi yake daga ƙasa. Iskar da ya zuƙa ta gaba kuwa ta baya take fita, da ɗumi, da ƙarfin da har labule take kaɗawa. Autarmu ta taɓa sayo mana wani na zamani, na roba, wanda ake caji kamar waya. Kukansa kamar na sauro. Sai ka bi wuri sau uku kafin ya ga damar ɗaukar ƙwayar shinkafa. Yana nan jingine a bayan ƙofa, ban taɓa shi ba tun ranar da na gwada.

Na tsayar da Bijimi a gefen kujerata, na jona, na taka makunni. Ya yi gurnaninsa. Na bi kafet layi layi yadda na koya wa mutane da yawa, na zagaye ƙafafun kujera, na cusa bututun ƙarƙashinta. A karo na biyu na ji abu ya bi bututun, ƙyal, ƙyal, ƙyal, ya faɗa jaka.

Wannan ƙarar na san ta. A otal in baƙuwa ta yar da ɗan kunne ni ake kira. Da kunne nake bambance tsaba da allura da dutsen zobe tun suna cikin bututu. Na ce a raina, ga shi nan, ya shiga. Na kashe inji.

Tsohuwa ta leƙo da ludayi a hannu. "Yau kuma da sassafe? Jiya fa ka yi sharar nan. Ko kai da Bijimin naka ba ku gaisa ba ne?"

"Ƙura na gani."

"Ƙura. Mutumin da ba ya ganin gishiri a gabansa."

Takwas da rabi Auta ta shigo da 'yarta a kafaɗa. Malamar firamare ce, mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Kullum ranar aiki mu ke riƙe yarinyar. Watanta goma sha huɗu. Ni na sa mata Sufeto, don duk inda na share sai ta bi da rarrafe tana dubawa, in ta sami zare ko ɓawon gyaɗa ta ɗago ta nuna mini, kamar mai binciken da ke zuwa mana a otal. Bambancinsu ɗaya: shi a takarda yake rubutawa, ita a baki take sawa.

"Baba, ina kwana. Ga shugabarka nan na kawo. Mama, madararta na cikin jaka, ba ta ci komai sosai ba."

Sufeto ta miƙo hannu ta cafki kunnena, kamar kullum. Na ce, "Saki, ɓarauniya, ba naki ba ne." Auta ta yi dariya, ta ajiye ta a kan tabarmarta can kusurwar taga, inda kafet ya ƙare tayil ya fara, ta fita da sauri. Na buɗe baki in ce wani abu. Sai na tuna ƙarar nan ta cikin bututu, na rufe.

Bara, ma'aikaciyar da ta sa mini abin kunnen ta ɗaga batirin a gaban idona ta ce, "Baba, akwai ƙananan yara a gidanka?" Na ce jika ɗaya. Ta ce, "To wannan ya fi allura haɗari. In yaro ya haɗiye ya tsaya masa a wuya, kafin awa biyu ya fara cin nama." Na ce mata, yarinya, ina riƙe batir tun ba a haifi uwarki ba. Ta yi dariya. Amma maganar ta zauna, don na sha ganin abin da ruwan batir ke yi wa ƙarfe.

Wajen ƙarfe goma ina karkaɗe takalmina a bakin ƙofa na ji Sufeto ta yi tari. Ba irin tarin mura ba. Na juya. Tana zaune a tabarmarta, miyau na dalala har gaban rigarta ya jiƙe, tana kallona. Tsohuwa ta ɗauke ta, ta ba ta madara, ta kawar da kai. Ta matsa mata ayaba, ta karɓi kaɗan, ta yi yunƙurin amai ta dawo da shi. Sai kuka, siriri, murya a dishe.

"Haƙori ne," in ji tsohuwa. "Haka uwarta ta yi. Dubi dasashin."

Ban duba ba. Na ce wa kaina, ai ka ji shi da kunnenka ya shiga. Na sake cewa, to je ka gani da idonka. Minti biyar ne. In yana cikin jaka, haƙori ne, babu wanda zai san komai.

Na ja Bijimi zuwa barandar baya, na turo ƙofa. Na shimfiɗa tsohuwar jarida, na ɓalle maƙallai biyu, na ciro jakar, na zazzage. Ƙura ba ta da yawa, don jiya na wanke. Ina da mayen ƙarfe da na cire daga wata tsohuwar lasifika. Batirin nan jikinsa ƙarfe ne, zai manne. Na bi da shi a kan ƙurar. Ya kamo allurar kai ɗaya da ƙaramar ƙusa. Na sake bi. Babu.

Ta cikin ƙofa kukan yana shigowa. Na rage ƙarar abin kunnena. Wannan ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Na sa yatsu na murje ƙurar kaɗan kaɗan. Sai na ji abu mai tauri, zagayayye. Na ce alhamdu lillahi a fili. Na hure shi. Maɓalli ne, fari, mai huda huɗu. Na dubi hannun rigata ta dama, zare ne kawai ke lilo a wurin.

Na daɗe ina kallonsa. Shekara talatin da ɗaya kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na manta cewa wancan kunnen ya tafi, wannan na aro ne.

Ko a nan ban tashi ba. Na ce ƙila ya tsaya a hanya. Na zare bututun na ɗaga shi ga rana, na hango haske fes. Na girgiza tiyo, na zura waya ta fito ta ɗaya bakin. Na ɗauko sukudireba na fara kwance murfin moto, alhali na san babu yadda za a yi abu ya wuce jakar nan ya kai can. Ni na ɗinke bakinta da hannuna. Noti na farko ya fita, na biyu ya suɓuce ya gangara.

Ƙofa ta buɗe. Tana tsaye da yarinyar a kafaɗa. Sufeto ta daina kuka, ta kwantar da kai, miyau na bin bayan rigar kakarta.

"Malam, yarinyar nan ba ta yi mini ba. Ko ruwa ta ƙi." Sai ta ga jarida, ta ga hanjin Bijimi a warwatse. "Me kake nema?"

Na ci gaba da laluben notin.

"Da kai nake. Me kake nema a cikin shara?"

"Batir."

"Wane batir?"

Na nuna kunnena.

Na zaci za ta yi ihu. Shekara arba'in da shida ban taɓa yin kuskure ta bar shi ya wuce ba magana ba. Yau ta bar shi. Ta dubi yarinyar, ta dubi agogo ta cikin ƙofa, sha ɗaya saura minti ashirin. Ta jawo mayafi daga igiyar shanya, ta wuce ni, ko takalmi ba ta tsaya daidaitawa ba. Na cusa kwalin batir a aljihu na bi ta.

Allah ya sa maƙwabcinmu mai tasi yana ƙofar gida yana wanke mota. Ya ce, "Baba Mai Inji, yau ina aka nufa da gudu haka, ko an biya fansho?" Ya ga fuskar tsohuwa, ya jefar da soso, ya buɗe ƙofa da kumfa a hannu.

Ina gaba, su suna baya. Ba na son juyawa, kuma ba na iya daina juyawa. Idon yarinyar a buɗe, amma ba ta kallon komai. Ina ta lissafi a kaina. In ta haɗiye shi da tara, awa biyu ta kusa. In tun da uwarta ta fita ne, ta wuce. A mahaɗar kasuwa wata motar kaya ta tsaya tana juyi, layi ya taru. Mai tasi ya danne oda, ya leƙa yana ihu, "Mara lafiya! Yarinya ce, ku ba mu hanya!" Ni ina zaune da hannuwa a cinya, baƙi ƙirin da ƙura.

Tsohuwa ta miƙo mini waya ta kan kafaɗata. Ta riga ta kira.

"Da bakinka," ta ce.

Auta ta ɗauka, ina jin hayaniyar yara a bayanta. "Mama, ina aji, lafiya?"

"Ni ne."

"Baba? Me ya faru?"

"Ki zo babban asibiti. Ina jin yarinyar ta haɗiyi batirina."

"Kana ji? Baba, kana ji ko ka gani? Yaushe?"

"Ki zo."

A asibiti layin yankar kati ya kai bakin ƙofa. Ban taɓa tsallake layi ba a rayuwata, na sha korar masu yi. Na ratsa ta tsakiyarsu. Wani ya ce, "Tsoho, mu gumaka ne?" Na ɗora kwalin a kan kantar wata nas, na nuna gurbin da babu komai, na nuna yarinyar. Ta dubi kwalin sau ɗaya, ta zagayo ta karɓi Sufeto daga hannun tsohuwa, ta ruga. Gudun nan nata ya fi komai ba ni tsoro. Da ta ce mu zauna mu jira, da na sami abin riƙewa.

Likitar mace ce, ba ta kai Auta shekaru ba. Tana tafiya tana tambaya.

"Ƙarfe nawa ya faɗi?"

"Takwas saura kwata."

"Yarinyar tana wurin?"

"Takwas da rabi ta zo."

"Yaushe kuka ga alama?"

"Goma."

Ta dubi agogon hannunta. "Yanzu sha ɗaya da minti ashirin. Gidanku da nisa ne?"

"A'a."

"To me ya tsayar da ku?"

Tsohuwa tana gefena, ba ta taimake ni ba. Na ce, "Ina duba inji."

Likitar ta dube ni, ba ta gane ba, ba ta kuma da lokacin ganewa. Aka shiga da yarinyar ɗakin hoto. Da aka fito ta ɗaga hoton ga fitila ta nuna mana. Ƙananan haƙarƙari kamar na tsuntsu, sama da su kuma, daidai gindin wuya, wani farin abu zagayayye, tsaf, kamar an zana. Na gane shi. Na fi kowa a ɗakin saninsa.

"Ya tsaya a hanyar abinci," ta ce. "Yanzu za mu shiga da ita mu ciro shi ta baki. Wa zai sa hannu?"

Sai ga Auta, alli a yatsunta, jaka a buɗe. Ta sa hannu a tsaye. Ta bi gadon har ƙofar tiyata tana cewa, "Ga ni nan, ga Mamanki nan," har aka rufe. Sannan ta zo ta zauna a benci kusa da uwarta. Akwai wuri a gefena, ba ta zauna nan ba.

A ƙarshen baranda wata mai aiki tana jan injin shara na roba, tayarsa ɗaya na kuka. Na ji bel ɗin motonsa ya saki. Na tsani kaina da na lura. Duk ƙofar da ta motsa sai in ɗago kai. Na yi ta karanta abin da na iya, ina ɓata, ina komawa farko. Na tuna wata tocila da na taɓa buɗewa a otal, batir ya kwana biyu a ciki ya fashe, ya cinye maƙallin ƙarfen har ya zama gari. Ƙarfe ke nan. Na dubi ɗan yatsana, na ce wuyanta duka bai fi wannan kauri da yawa ba.

Auta ta yi magana ba ta juyo ba. "Mama, da na kawo ta, ya riga ya faɗi?"

Tsohuwa ta ce, "Tambayi ubanki."

Na ce, "Ya riga."

"Ka sani?"

"Na zaci Bijimi ya ɗauke."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ci gaba da kallon ƙofa.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci likitar ta fito da wata 'yar kwalba. Batirin na ciki. Sheƙin ya tafi, gefe ɗaya ya yi baƙi kamar an gasa.

"Mun ciro shi. Ya ƙona wurin, amma bai huda ba." Auta ta rufe fuska da hannu biyu. Likitar ta ɗaga yatsa. "Ku tsaya, ban gama ba. Irin wannan ƙunar tana ci gaba da ci ko bayan an cire. Za mu sa mata siririn tiyo ta hanci, ta nan za ta ci abinci. Za ta yi kwanaki a nan. Ko kun koma gida, makonni masu zuwa in kuka ga jini a bakinta, ko ɗigo ɗaya ne, ku taho a guje." Ta juyo gare ni. "Baba, da an ƙara awa ɗaya, da ba wannan maganar muke yi ba."

Ban tambaye ta in da an rage minti arba'in fa. Na san amsar, ko ban sani ba, ba na son ji.

Washegari da hantsi ina gida ni kaɗai. Na ɗaure Bijimi, noti bai rage ba. Na mayar da shi daidai inda na tsayar da shi jiya, gefen kujerata. Na ɗauko mataccen batirin da na cire, na ajiye a kan tayil, inda nake jin wancan ya gangara, bayan inji. Na taka makunni.

Ko ƙiftawa ban yi ba. Iskar baya ta kwashe shi, ya sulale a kan tayil kamar an harba, ya bi gindin bango ya shige ƙarƙashin gefen tabarmar Sufeto.

Na kashe inji na zauna. A otal, duk sabon ma'aikaci, abin da nake fara koya masa ke nan: ka juya gindin inji ga ƙofa, kada ka ba ɗaki bayansa, don abin da bai zuƙa ba zai tura. Na taɓa mayar da wani mutum wankin bene mako guda a kan wannan. Jiya ina sauri kada tsohuwa ta leƙo, ban duba inda ya juya ba. Da na roban nan na ɗauka, da ba shi da ƙarfin tura komai. Da batirin yana nan inda ya faɗi, a bayan kujerata.

Na durƙusa. Gwiwoyin suka yi ƙara, suka durƙusu. Ashe suna iyawa. Na ɗauke batirin, sannan na bi falon nan kaf da tafin hannu, da kicin, da ɗakin kwana. Na sami gwangwani mai murfin murɗawa na zuba batiran, na ɗora a saman kwaba. Na gaya wa tsohuwa daga yau ita za ta riƙa canza mini, a kan tire, a ɗaki, ƙofa a rufe. Ta ce to. Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma sake yi mini tsiyar Bijimi ba. Na fi son tsiyar.

Kwana tara suka yi. Kullum ina zuwa, in tsaya a bakin ƙofar ɗakin. In waya ta yi ƙara a gida sai in kasa tashi, in bar tsohuwa ta ɗauka, ina karanta fuskarta. Surukina ya dawo daga hanya a rana ta uku, ya gaishe ni da ladabi kamar yadda ya saba, ya tambayi gwiwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar da za a sallame su na shiga. An cire tiyon hancin, filasta ta bar mata alama a kumatu. Ta rame. Tana zaune a gado tana tsintar zaren bargo. Da ta gan ni ta ɗago shi ta nuna mini. Auta tana naɗe kaya tana sawa a jaka, tsohuwa tana taya ta.

Na ce, "Na gano yadda aka yi."

Auta ba ta ɗago ba.

"Iskar baya ce ta tura shi. Ƙarfin moton ne. Na tsayar da shi ba daidai ba."

"Baba," ta ce, "injin ne ya gan ni na ajiye ta a ƙasa ya yi shiru? Injin ne ya shige baranda ya rufe ƙofa?"

Sufeto ta rarrafo bakin gado ta miƙo hannu wajen kunnena. Na sunkuya. Auta ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa, ta goge mata baki da ɗan tawul, ta dubi tawul ɗin sosai kafin ta ninke. Na ga tana yin haka duk bayan 'yan mintoci.

Na ce, "Na bi gidan da hannu, lungu lungu. Batiran suna sama a gwangwani. Uwarki ce ke canza mini yanzu. Bijimi kuma na kai shi ɗakin ajiya, na cire masa waya." Ban taɓa yi wa ɗan da na haifa bayani mai tsawon wannan ba. "Litinin za ki koma aiki. Ki kawo ta kamar kullum."

Tsohuwa ta tsaya da naɗin da take yi. Auta ta rataya jaka, ta gyara wa yarinyar zama, sannan ta dube ni, karo na farko tun ranar Talatar nan.

"A'a, Baba," ta ce. "Ba zan kawo ta ba."